Akushin da Aka Raba

Ana gab da ba ƙasar nan mulkin kai aka turo ni koyarwa Tambuwal. Kafin nan na sha yawo. Tun ina saurayi na bi wani kawuna fataucin goro har Kumasi, inda na tsinci Turanci da yaren Asante. Na zauna Gaya da Doso a ƙasar da Faransi ke mulki, na kuma daɗe a Sudan a hanyar Makka ina ɗinki don in sami guzuri. Filatanci kuwa wurin mahaifiyata na same shi. Da na dawo gida aka ce ana neman masu Turanci, sai na shiga horon malanta ina babba.

A lokacin babu sakandare kusa da mu, sai birni. Tamu babbar firamare ce, amma 'yan ajin ƙarshe samari ne sosai, wasu har gashin baki ya fara fito musu. A yau da ka gan su sai ka ce 'yan sakandare ne masu shirin fita.

Wata rana bayan kaka hedimasta ya tara mu ya ce wani tallafi ya zo ta ofishin ilmi na lardi. Wata ƙungiya ce ta ƙasar waje ta ba da kuɗi don a koya wa ɗalibai yadda ɗan ƙasa ke sa hannu a sha'anin mulkinsa, tunda ga zaɓe na tafe. Kuɗin kashi biyu ne. Da na farko za a yi akwatuna, a sayi takarda da tawada, ɗalibai su zaɓi shugabansu da ƙuri'a maimakon naɗin da hedimasta ya saba yi. Idan mai duba makarantu ya zo ya ga an yi daidai, sai a saki na biyu, a ɗauki hayar mota a kai ɗaliban wata kasuwa su nuna wa jama'a yadda ake yi. Ya dube ni ya ce tunda ni na ga abin a wasu ƙasashe, aikin nawa ne.

Na yi murna, don akwai abin da nake so in gani. Duk inda na tarar an kai akwatin zaɓe, sai mutanen wurin sun ƙara masa wani abu nasu. A Kumasi na ga mata suna barbaɗa wa wanda ya ci farar hoda har ya koma kamar an tsamo shi daga buhun gari. A Doso takardu ake ba mutum launi-launi, ya sa ɗaya a ambulan, kuma na ga manoma suna ɓoye ragowar a hula don su nuna wa mai gari cewa ba su saɓa masa ba. Na ƙosa in ga abin da namu za su ƙara.

Kafinta ya yi mana akwatuna biyu masu tsaga a sama, don a tsarin wancan lokaci kowane ɗan takara da akwatinsa. Nan aka fara cikas. Sharaɗin tallafin ya ce dole a sami 'yan takara aƙalla biyu, su kuwa ɗalibai duk bakinsu ya zo ɗaya a kan mutum guda, ɗan wani mai sayar da hatsi a garin. Dogo ne, gwanin ƙwallo, mai sakin hannu da yawan dariya. Na yi tambaya har na gaji, ba wanda ya yarda ya tsaya da shi. Shi da kansa ya warware, ya nuna na kusa da shi a benci ya ce a rubuta baƙonsa, takardar Turawa ta cika.

Baƙon nan ɗan Kebbe ne, ɗan wani manomi mai 'yan shanu. Makarantarmu ba ta kwana ba ce, saboda haka duk wanda ya zo daga nesa sai an nema masa masauki a gari. Mai hatsin ya daɗe yana sayen gero wurin uban yaron, shi ya sa ya karɓe shi. Ɗaki ɗaya suke kwana da ɗan gida a gefen zaure, akushi ɗaya suke ci. Uban baƙon ba shi da wani sani a Tambuwal. Ranar da yaron ya rasa wannan masauki, ranar karatunsa ya ƙare, sai komawa bayan shanu.

Na ce kowanne ya yi wa makaranta jawabi bayan an yi layin safe. Ɗan gida ya fito ya ce ai kowa ya san shi, ya yi wasu 'yan barkwanci, aka yi dariya aka tafa. Ɗan Kebbe, wanda ban taɓa jin muryarsa ta wuce benci biyu ba, ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya kawo maganar lambun makaranta. Ya ce ƙananan yara ke jan ruwa a rijiya kullum har tafin hannunsu ya tsage, manya na zaune a inuwar itacen bedi suna ba da umarni. In an zaɓe shi, ban ruwa zai zama aji-aji, har da nasu na ƙarshe. Manyan suka yi tsaki. Amma ƙananan su suka fi yawa.

Hedimasta ya hana a sa wa akwatunan alamar da ta yi kama da ta kowace jam'iyya, sai muka zana wa ɗan gida damin gero, ɗan Kebbe kuma tulu. Ba a daɗe ba na fara ganin zanen tulu a ƙasa, a bayan aji, a bakin rijiya, har a jikin allo da safe.

Ana cikin haka wata rana aka tashi, ɗan Kebbe ya tsaya har na gama tattara alli, sannan ya durƙusa ya ce, "Malam, a cire sunana."

Na tambaye shi dalili. Ya ce kwanan nan akushi biyu ake fitowa da su daga cikin gida, a ajiye ɗaya a wannan kusurwar zaure, ɗaya a waccan, kowanne da ƙwaryar ruwansa. Ba wanda ya yi masa baƙar magana, ba a rage masa tuwo ba, har ma naman miyarsa ya ƙaru. Amma ya ce shi ba yaro ba ne. Baƙon da aka raba wa akushi hanya ake nuna masa.

Bayan la'asar na tafi rumfar mai hatsin a kasuwa. Dattijo ne gajere mai furfurar gemu, yana zaune tsakanin buhuna da mudu a hannu. Muka gaisa, ya tambayi makaranta, na tambayi kasuwa, sannan na lallaɓa na kawo maganar akushi. Ya ajiye mudun ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin yin alwala. Ya ce mutum biyu masu neman sarauta ɗaya ba su cin tuwo wuri ɗaya, kowa ya san wannan. In cikin ɗaya ya murɗa, gobe gari zai ce ɗayan ya sa masa wani abu.

"Duka biyun ɗiyana na, Malam," in ji shi. "Don in tsare su na raba."

Na ji sanyi, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe yanzu ta fara. Ya matso ya rage murya ya tambaye ni inda hukuma ta ce wanda ya faɗi zai koma. Na ce ba inda zai koma, yana nan a bencinsa. Ya girgiza kai. Ya ba ni labarin ƙauyen mahaifinsa, inda 'yan'uwa biyu suka nemi sarautar gari. Wanda bai samu ba ya kwashe iyalinsa da dabbobinsa ya tafi ya sari daji, har ya mutu bai sake yin sallar idi a fili ɗaya da ɗan'uwansa ba. Haka aka yi a wani gari, haka a wani, ya yi ta lissafo su. Saboda haka shi ya riga ya shirya. In baƙonsa ya faɗi, zai ɗinka masa riga ya mai da shi Kebbe cikin mutunci. In ɗansa ne, zai tura shi Jega wurin ƙanensa ya koyi ciniki.

Na ce masa, "Baba, a Kumasi na san wani da ya faɗi zaɓe, washegari ya buɗe kantinsa, ni da kaina na sayi sabulu wurinsa."

"Kumasi ke nan," in ji shi. "Nan ƙasar ka taɓa gani?"

Ban taɓa gani ba, kuma na faɗa masa gaskiya. Ya ɗauki mudunsa.

Da na kai wa ɗan Kebbe wannan bayani, shi ya nuna mini abin da ban hango ba. Ya ce to ai ko ya ci ko ya faɗi, Kebbe zai koma. Ba zai iya zama a gidan da aka kori ɗansu saboda shi yana cin tuwonsu ba. Janyewa kawai ta rage masa, ita ma ɗan gida ya toshe ta. Ya rantse in baƙonsa ya janye shi ma ya janye, don ba zai yarda a ce tsoro ya sa aka danne yaron a gidansu ba. Ƙananan yara kuma suka riƙa bin ɗan Kebbe har ƙofar gida suna roƙo. Haka sunansa ya zauna.

Maganar ta bazu a makaranta cewa duk wanda ya faɗi zai bar gari. Na shiga aji-aji ina ƙaryata ta. Ko'ina sai su ce, "To, Malam," da irin muryar da ake amsa wa babba in ba a son musu da shi.

Ranar zaɓe mai duba makarantu ya iso a babur, ƙura har girarsa. Muka kewaye akwatunan da zana yadda ba mai ganin na ciki. Kowane ɗalibi ya karɓi takarda ɗaya, a dangwala masa tawada a yatsa, ya shiga shi kaɗai. Na lura suna daɗewa a ciki, sai na zaci tsagar ce kafinta ya yi ƙarama.

Aka gama, aka fito da akwatunan gaban kowa, hedimasta ya juye na dami a tebur. Rabi-rabin takarda suka zubo. Ya juye na tulu, haka. 'Yan kaɗan ne kawai cikakku. Mai duba makarantu ya ɗauki guntu daga wannan tari da wani daga wancan, ya yi ta gwadawa har ya sami biyu da suka haɗu baki da baki. Ya kira wani ɗan aji ɗaya mai tawada har a leɓe, ya tambaye shi me ya sa. Yaron ya ce don kada kowa ya faɗi.

Daga baya na ji a bakin rijiya suka ƙulla shawarar, manya da ƙanana, ba su gaya wa 'yan takarar ba. Na tsaya ina kallon tarin nan biyu. Na ga inda aka yi dambe a layin zaɓe, na ga inda aka sayi mutane da atamfa, amma ban taɓa ganin inda aka ɓare ƙuri'a kamar goro aka miƙa wa kowa ɓari ba. Abin da namu suka ƙara wa akwatin ke nan.

Mai duba makarantu ya yi dariya har ya share hawaye da hularsa. Da ya nitsu ya gaya musu cewa takardar da aka yaga ta mutu, ba ta kowa ba ce. Amma ya ce ya ga sun iya riƙe sirri, sun kuma san takardar na da nauyi, kuma akwai manya da yawa da ba su kai nan ba. Ya ce a sake. Hedimasta ya tsaya gaban makaranta ya yi alkawari cewa wanda ya faɗi ba mai taɓa masa benci. Aka yanko sababbin takardu. Wasu dai sun sake yagawa, amma cikakkun sun isa a ƙirga, kuma tulu ya ɗara dami da kaɗan.

Ɗan gida ya fara zuwa ya kama hannun baƙonsa, ya rusuna da gangan ya ce, "Ranka shi daɗe, sarkin tulu." Makaranta ta kwashe da dariya. Ɗan Kebbe bai yi ba.

Alkawarin hedimasta a makaranta ya tsaya, bai shiga gidan mai hatsi ba. Washegari ɗan gida bai zo aji ba. An ɗaure masa akwati da tabarma an ajiye a zaure, ana jiran motar Jega. Ɗan Kebbe ma ya ɗaure nasa ya jingine kusa da shi.

Kafin motar Jega ta zo aka saki kashi na biyu na tallafin, aka bar mini zaɓen kasuwar da za mu je. Na ce Kebbe. Na koma rumfar dattijon na roƙe shi ya ba ni aron ɗansa na wuni ɗaya, don nunin ba zai yiwu da ɗan takara guda ba. Ya ce ya yarda, kuma shi ma zai bi mu. Dama yana so ya mai da yaron mutane hannun ubansa da kansa, ya yi masa bayani baki da baki. Haka akwatin ɗan Kebbe ya hau mota tare da akwatunan zaɓe.

Hanyar Kebbe a lokacin sawun shanu ce da jakuna wadda mota ke bi bisa haƙuri. Mun sauka mun tura a rairayi har na daina lissafi. Muka isa hantsi, kasuwa ta fara cika, muka kafa zana a gindin wata tsamiya. Ɗalibai suka riƙa kiran mutane suna ba su takarda, suna nuna musu tulu da dami. Akwai makiyaya da suka taso daga wajen Fakku, na riƙa yi musu bayani da Filatanci. Wata mai tallar nono ta ji, ta tambaye ni daga inda take zaune ko takardar ce ba ta isa mata su samu ba. A lokacin mata ba su zaɓe a Arewa. Na ce mata a Kumasi suna yi. Ta ce to in na koma in gaishe su.

Amma ba akwatunan suka ja kasuwar ba. Da wani ɗalibi ya nuna samarin biyu ya ce wannan ne ya kayar da wannan, sai jama'a suka bar zana suka yi kan wanda ya faɗi. Wanda ya ci ba wanda ya kula shi, ga shi ɗan garin. Wani tsoho ya kama dantsen ɗan gida yana latsawa, ya tambaye shi ko an buge shi, ko an karɓe masa wani abu, wa ke ba shi abinci yanzu. Shi kuwa abin ya yi masa daɗi. Ya haye bayan mota ya buɗe hannuwa yana juyawa don kowa ya gan shi, yana cewa shi ne ya faɗi, ga shi da ƙafafunsa biyu. Ubansa yana can cikin masu hatsi yana kallo.

Bayan azahar uban ɗan Kebbe ya kai mu gidansa. Dogon mutum ne marar yawan magana, kuma bai san komai ba game da abin da ke tafe da mai hatsin. Aka shimfiɗa mana tabarmi a ƙofar gida, aka fito da tuwo, na manya daban, na ɗalibai ƙungiya-ƙungiya. Sannan aka kawo akushi ɗaya aka dire gaban ɗansa da ɗan mai masaukinsa, yadda kowane gida zai yi. Samarin suka wanke hannu, suka zauna, ba wanda ya buɗe faifan. Duka biyun mai hatsin suke kallo.

Manomin ya tambayi ko lafiya. Mai hatsin ya gyara zama ya kwashe labari ya faɗa masa, tun daga neman sarauta har akwatin da ke cikin mota. Manomin ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni ya fara tambaya irin ta mai sayen saniya. Sarautar nan tana da gona? Na ce babu. Doki fa? Babu. In yaron ya yi aure ya haihu, ɗansa zai gada? Na ce ina, ai shekara ɗaya ce, baɗi za a sake zaɓe, kuma wanda ya faɗi bana yana iya sake tsayawa in yana makarantar.

Mai hatsin ya ajiye lomar da ya ɗauka. "Shekara guda?"

Na ce shekara guda. Ni a wurina wannan ƙaramin abu ne da ban ga dalilin ambata ba, shi kuwa a nan duk maganar take. Ya yi ta juya ta a fili, kamar yana auna hatsi. A saninsa wanda ya rasa sarauta yana barin gari ne don ba abin da ya rage masa sai jiran mutuwar wanda ya samu, kuma ba mai iya zama kusa da mai jiran mutuwarsa, balle su haɗa akushi. In kuwa abin yana dawowa kamar damina, to ba mai jiran mutuwar kowa.

"Ashe aro na," in ji shi. Ya dubi samarin. "Ku sa hannu, tuwo na hucewa."

Ɗan gida ya buɗe faifan ya ce sai sarki ya fara. Ɗan Kebbe ya ture masa hannu, a ranar na fara ganin haƙoransa tun da aka rubuta sunansa.

Da za mu tashi manomin ya sa aka ɗora mana ƙwaryar man shanu da damin gero na mai masauki. Akwatin yaron ba a ma sauke shi ba. A kansa dattijon ya zauna a bayan mota, ya ƙi shiga gaba, don yana da sauran tambayoyi. Muna tafe ana girgiza mu, ya jawo hannun rigata ya tambaye ni ko manyan da za a zaɓa su tafi Kaduna da Ikko su ma aro za a ba su. Na ce haka aka rubuta, in wa'adinsu ya cika sai su dawo su sake roƙo. Ya tambaya in sun ƙi mayarwa fa. Na ce ba a rubuta wannan ba.

Ya dubi hanya ya ce, "To, mu gani."

Ranar da ban ruwa ya zagayo kan ajin ƙarshe na bi ta bakin rijiya da sassafe. Ɗan gida ke jan guga yana mita, ɗan Kebbe na riƙe da tulu yana ce masa bai cika ba.